Babi na Shida: Jin ta Bakin Matashi a Shari'ar Riƙon 'Ya'ya

Idan aure ya mutu tsakanin mata da mijin da suka haihu, maganar da ke biyo bayan saki ita ce ta wurin da 'ya'ya za su zauna, kuma dokokin iyali da ake aiki da su a Nijeriya sun fi mayar da hankali ga ɗan goye da yaron da bai daɗe da yaye ba, domin su ne ba sa iya yi wa kansu komai. Al'amarin yakan sauya idan wanda ake jayayya a kansa ya kai shekara 13 zuwa 17, yana tsakiyar karatun sakandare, ya san halin uwarsa da na ubansa, ya ga abin da ya raba su da idonsa, kuma yana da ƙafar da zai bar gidan da kotu ta ajiye shi ya koma inda hankalinsa ya fi kwanciya. Wannan babi ya duba matsayin maganar irin wannan matashi a gaban doka, da dalilin da ya sa a wurin da dokoki uku suke aiki lokaci guda, da wuya a sami wadda take tambayarsa abin da yake so ta hanyar da zai iya ba da amsa.

Samaru da Sabon Garin Zariya sun dace da wannan nazari saboda yadda aka kafa su. Sabon Gari ya tsiro ne bayan layin dogon da ya taso daga Baro ya nufi Kano ya ratsa ƙasar Zazzau wajen shekarar 1911, lokacin da Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu wurin zama a wajen ganuwar birni. Samaru kuwa ta bunƙasa a gefen tashar binciken aikin gona da aka buɗe a 1922, sannan Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962 ta jawo mata malamai da ma'aikata da ɗalibai daga kowane sashe na ƙasar. Idan aka haɗa da barikokin soja irin na Basawa da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Palladan, sai a ga yanki guda wanda Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Bajju suke haya a gida ɗaya, 'ya'yansu suna zaune a aji ɗaya, amma ranar da auren iyayen ya mutu ba ƙofar kotu ɗaya za su shiga ba.

Tun daga 2001, lokacin da gwamnatin Ahmed Muhammad Maƙarfi ta sake tsarin ƙananan kotunan Jihar Kaduna ta maye gurbin kotunan yanki waɗanda suka gaji na En'e tun 1968, jihar tana da kotunan Shari'ar Musulunci ga Musulmi da kotunan gargajiya ga waɗanda suka yi aure bisa al'adar ƙabilarsu, kowane ɓangare da kotun ɗaukaka ƙararsa. Wanda ya yi auren rajista, wato auren mace ɗaya da ake ɗaurawa a ƙarƙashin Dokar Aure a ofishin rajista ko a cocin da ke da lasisi, Babbar Kotun Jiha ce ke da hurumin raba aurensa, kuma ita ce ke yanke maganar yaran. Ke nan irin auren da iyaye suka ɗaura tun yaron bai zo duniya ba shi ne ke zaɓa masa dokar da za a yi masa hukunci da ita.

Hadana a mazhabar Malikiyya

Alƙalan kotunan Shari'a suna hukunci da mazhabar Imam Malik, kuma littattafan da suka fi dogara da su sun haɗa da Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, da Muhtasar na Shaihu Halil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, waɗanda har yau ake karantawa a zaurukan malaman birnin Zazzau. A cikinsu ana kiran riƙon yaro hadana, ma'ana ɗaukar ɗawainiyar kwanansa da abincinsa da tufarsa da tsabtar jikinsa da tsare shi daga abin da zai cutar da shi, kuma an raba ta da wilaya, wato ikon da uba ko wanda ya tsaya a madadinsa yake da shi a kan tarbiyyar yaro da karatunsa da dukiyarsa da aurensa. Hadana ta uwa ce bayan saki ko mutuwar miji, idan kuma ta faɗi daga hannunta sai ta koma ga kakar yaro ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, kuma sai an wuce waɗannan da kakar wajen uba kafin layi ya iso kan uban kansa. Muwaɗɗa ta kawo labarin Sayyidina Umar, wanda ya tarar da ɗansa Asim yana wasa a Ƙuba bayan Umar ya rabu da uwar yaron, ya ɗauke shi, kakar yaron ta wajen uwa ta bi shi ta yi jayayya, aka je gaban Halifa Abubakar ya hukunta a bar mata yaron, Umar kuma bai sake magana ba. Wannan rabon aiki bai yanke uba daga ɗansa ba, domin malaman mazhaba sun bayyana cewa yana da damar kula da tarbiyyarsa da tura shi makaranta da rana, yaron ya koma ya kwana wurin uwarsa, tsarin da ba shi da wahalar bi idan uwa tana Hayin Dogo uba yana Muciya, tun da tsakaninsu tafiyar bas ɗaya ce.

Iyakar hadana ce ta shafi matashi kai tsaye. A wurin Malikawa, uwa tana riƙe ɗa namiji har ya balaga, daga nan ya tafi inda ya so, tana kuma riƙe 'ya mace har ta yi aure mijinta ya tare da ita. Balaga ana gane ta da alamomin jiki, idan ba su bayyana ba sai cikar shekara 18 a mashhurin zancen mazhaba. Babu wani mataki a tsakani da aka ajiye don a tambayi yaron, kuma a nan ne Malikawa suka saɓa da Shafi'awa, waɗanda suke aiki da tahyiri, wato a ba yaro zaɓi tsakanin uwarsa da ubansa da zarar ya kai wayon rarrabe abubuwa, wajen shekara bakwai, suna kafa hujja da hadisin Abu Huraira wanda ya nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba wani yaro wannan zaɓi. Hambalawa sun yarda da tahyiri ga namiji, suka mayar da mace ga ubanta a wannan shekara, Hanafawa kuma suka mayar da dukansu ga uba bayan ƙuruciya ba tare da zaɓi ba. Hujjar waɗanda suka ƙi tahyiri ita ce ɗan shekara bakwai yakan zaɓi wanda ya fi sakar masa fuska ya bar shi da wasa, kuma hujja ce mai ƙarfi a kan ɗan shekara bakwai, amma ƙarfinta yana raguwa ƙwarai idan ana magana a kan budurwa 'yar shekara 16 da ke shirin jarrabawar WAEC.

Abin da wannan ke haifarwa shi ne saurayi ɗan shekara 15 da ya balaga ya fita daga hadana gaba ɗaya, kuma babu alƙalin da zai tilasta masa zama a ɗayan gidajen biyu bisa wannan babi na fiƙihu, alhali yayarsa da ta girme shi da shekara biyu ko biyar tana nan a cikinta muddin ba ta yi aure ba. An tsara wannan iyaka a zamanin da aure yake zuwa jim kaɗan bayan balaga. Yau kuwa a Samaru ba abin mamaki ba ne mace ta gama digiri na biyu tana gidan iyaye. 'Yancin saurayin ma ya fi yawa a takarda, saboda ciyarwar da ta wajaba a kan uba ga ɗa namiji tana ƙarewa ne idan ya balaga yana iya nema, don haka damar zaɓi tana zuwar masa daidai lokacin da wajibcin ɗaukar nauyinsa yake sassautawa, shi kuma yana buƙatar kuɗin makaranta da na rajistar NECO da JAMB fiye da kowane lokaci. Malamai da dama na wannan zamani suna ganin ɗalibi yana cikin hukuncin wanda bai iya nema ba, amma yaron da ya san wanda ke biyan kuɗin zango ba ya jiran fatawa kafin ya san gidan da zai kwana.

Abubuwa biyu ne suka fi tayar da matashi daga inda ya saba ba tare da an ji ta bakinsa ba. Na farko auren uwa: idan bazawara ta auri mutumin da ba muharramin yaron ba ne, ya tare da ita, hadana ta faɗi daga hannunta ta koma ga wadda ke bi mata, sai dai idan mai haƙƙin ya sani ya yi shiru har shekara guda ba tare da uzuri ba, ko babu wani mai riƙon da ya cancanta. Na biyu ƙaura: idan waliyyin yaro zai tashi ya koma wani gari da niyyar zama, nisan ya kai baridi shida, wanda ake ƙiyasta kowane ɗaya da mil 12, hanya da garin kuma suna da aminci, yana da damar tafiya da yaron sai fa idan uwar za ta bi su. Kaduna ba ta kai wannan nisa daga Zariya ba, Abuja da Legas sun wuce shi, kuma a yankin da ke cike da sojoji da ma'aikatan gwamnatin tarayya da ake yi wa canjin wurin aiki, wannan hukunci yana iya raba yarinya da uwarta da makarantarta da ƙawayenta a cikin mako guda.

Abin da al'ada ta mayar da hukuncin

Duk wannan bayani ne na littafi, kuma mafi yawan rabuwar aure ba ta kai maganar yara gaban alƙali, a zauren mai unguwa ko a ɗakin wani dattijon dangi ake gama ta. A can ƙa'idar da ke aiki ita ce ɗa na uba ne: uwa ta tafi da na goye, idan ta yaye shi ko ya yi wayo a aiko a ɗauke shi, manyan kuwa tun ranar da ta kwashe kayanta suna hannun kishiyarta ko kakarsu ta wajen uba. Uba yakan ce ba zai bar ɗansa ya zama agola a gidan wani ba, dangin uwa kuma sukan ba ta shawarar ta bar masa 'ya'yansa don kada su hana ta samun wani mijin, ko don sun san idan ta riƙe su ba zai aiko da ko ƙwayar hatsi ba, duk da cewa Shari'a ta ɗora masa ciyar da su da tufatar da su a duk inda suke. Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo ta fitar da rahoto a tsakiyar shekarun 2000 kan haƙƙoƙin mata a ƙarƙashin Shari'a a arewacin Nijeriya, inda ta nuna tazarar da ke tsakanin irin waɗannan al'adu da hukuncin Malikiyya.

Motsa yara tsakanin gidajen dangi tsohon abu ne a ƙasar Zazzau, kuma ba a ɗauke shi zalunci ba. Tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, ya nuna yadda ake ba kaka ko gwaggo ko 'yar'uwar da ba ta haihu ba ɗan riƙo, da yadda ɗan fari yake tashi nesa da iyayensa saboda kunyar da suke yi masa. Tsarin yana da alherinsa, tun da ya hana yara da yawa rasa mai kula da su, amma ya ginu ne a kan cewa manya ke shawara yaro ya bi, kuma wannan tunanin ne yake raka matashi har cikin kotu.

Ga mazauna Sabon Gari da suka yi auren gargajiya, al'adun ƙabilu da yawa sun ba uban da ya biya kuɗin aure fifiko, amma Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Okwueze da Okwueze a 1989 cewa ba za a zartar da wannan haƙƙi ba idan zai cutar da yaron. Ga masu auren rajista, sashe na 71 na Dokar Shari'o'in Aure ta 1970 ya umarci kotu ta sa maslahar yaran gaba da komai, ya kuma ba ta damar dakatar da shari'a har jami'in jin daɗin jama'a ya binciko halin da suke ciki, ko ta danƙa su ga wani mutum na uku idan iyayen biyu ba su dace ba. Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan ma'auni a shari'ar Williams da Williams a 1987 da ta Odogwu da Odogwu a 1992, inda ta nuna cewa maslahar yaro ta wuce yawan dukiyar mai riƙonsa. Ra'ayin yaro yana cikin abubuwan da kotuna suke dubawa, sai dai dokar ba ta yanka wata shekarar da zai zama dole a tambaye shi ba, ta bar abin ga ganin damar joji. Nijeriya ta amince a 1991 da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989, wadda sashe na 12 nata ya ce a saurari yaro a duk shari'ar da ta shafe shi a kuma auna maganarsa gwargwadon shekarunsa da hankalinsa, kuma Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙi da Walwalar Yara ta 1990 ta zo da makamancin haka. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003, wadda ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ta tanadi kotun iyali da za ta bar shi ya bayyana ra'ayinsa, Jihar Kaduna kuma ta kafa tata Dokar Walwala da Kare Yara a 2018.

Tambaya a gaban iyaye

Samun tanadi a doka bai warware matsalar ba, saboda yadda ake tambayar ya fi tanadin tasiri. Matashin da aka rene shi a kan cewa ba a ɗaga ido a kalli babba, ba a musa wa uba, ba a fallasa sirrin gida, idan aka tsayar da shi a ɗakin shari'a cike da jama'a, uwarsa a gefe guda ubansa da baffanninsa a ɗaya gefen, aka ce ya faɗi wanda yake so, amsar da za ta fito kusan sananniya ce: Allah ya gafarta Malam, duk yadda iyayena suka ce. Wanda ya daure ya ambaci ɗaya daga ciki ya san abin da zai biyo baya, domin uwa tana iya tuna masa nonon da ya sha, uba yana iya cewa ya cire hannunsa daga kansa, kuma tsoron bakin iyaye a zuciyar ɗan Bahaushe ya fi tsoron kowane umarnin kotu. Shirun da ya yi sai a rubuta shi a matsayin yarda, alhali abin da ya hana shi magana yana iya zama matar uban da ke hana shi abinci, ko mijin uwar da yarinya ba ta sakin jiki idan yana gida, wanda shi ne ainihin abin da alƙali ya fi buƙatar sani, tun da amincin wurin zama ga budurwa sharaɗi ne na hadana a cikin Muhtasar kansa.

Malaman da suka yarda da tahyiri ma ba su ɗauki zaɓin yaro a matsayin hukunci ba. Ibn Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya kawo a Zadul Ma'ad labarin da ya ji daga malaminsa Ibn Taimiyya na wani yaro da alƙali ya ba zaɓi ya zaɓi ubansa, uwar ta roƙi a tambaye shi dalili, yaron ya bayyana cewa uwarsa tana tura shi makaranta kullum malam yana dukansa, ubansa kuwa yana barinsa ya yi wasa da yara, sai alƙalin ya ba uwar riƙonsa. Alƙalin bai bi son yaron ba, amma da bai tambaye shi ba da bai gano inda maslaharsa take ba. Ibn Asim ma ya ambata a Tuhfa cewa malamai sun yi saɓani kan ko hadana haƙƙin mai riƙo ce ko haƙƙin wanda ake riƙo, kuma alƙalin da ya saurari matashi don tantance ko sharuɗɗan riƙo sun cika bai fita daga mazhaba ba ko da taku ɗaya.

Wasu ƙasashen Musulmi sun wuce nan. Maroko, wadda Malikiyya ce tushen dokarta, ta sake dokar iyalinta a 2004, ta tsawaita hadana ga namiji da mace har shekara 18, ta kuma ba wanda ya cika shekara 15 damar zaɓar uwa ko uba. Masar ta yi gyara a 2005 wanda ya kai hadanar uwa shekara 15, daga nan alƙali ya ba yaron zaɓi. A Ingila, Dokar Yara ta 1989 ta sa buri da jin zuciyar yaro a farkon abubuwan da kotu za ta duba, kuma ba kasafai ake yanke hukuncin wurin zama a kan wanda ya kai shekara 16 ba, saboda an gane cewa umarnin da matashi bai yarda da shi ba ba ya ɗorewa. Yanka shekara irin ta Maroko yana da amfanin bayyana doka ga kowa, amma a wurin da zaɓar ɗaya daga cikin iyaye ake ɗaukarsa bijire wa ɗayan, ɗora wa ɗan shekara 15 nauyin furta zaɓi yana iya jawo masa gabar da za ta bi shi har girmansa, ga kuma ƙofar da zai buɗe ta saye zuciyarsa da sabuwar waya ko alkawarin babur.

Abin da ya fi dacewa da Samaru da Sabon Gari shi ne sauraro ya zama wajibi, hukunci kuma ya ci gaba da zama a wuyan alƙali: a gana da matashi a keɓe, ba a gaban iyayensa ko danginsu ba, da jami'ar jin daɗin jama'a a wurin idan mace ce, a tambaye shi yadda kwanansa da cinsa da karatunsa suke a kowane gida maimakon a ce ya zaɓi mutum, sannan a haɗa hukuncin riƙo da na ciyarwa da kuɗin makaranta a takarda ɗaya don kada yunwa ta soke abin da kotu ta yanke. Wannan ba ya buƙatar sabuwar doka daga majalisa. Alƙalin Alƙalan Jihar Kaduna da Babban Jojinta da Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Gargajiya su ne ke tsara ƙa'idojin aikin kotunan da ke ƙarƙashinsu, kuma ya kamata su umarta cewa kada a yanke hukuncin wurin zaman duk wanda ya kai shekara 13 sai rikodin shari'ar ya nuna an ji ta bakinsa.